Giga Takwas da Idon Baba

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Tunda a wurin aikin nan naku mai gadi ke karɓe wayoyi a ƙofa kamar gidan yari, na ba direbanku wannan takarda. Idon Baba na dama ma ya fara tafiya. Likita ya ce ba tsayawa zai yi ba, sai dai a lallaɓa. Yanzu mutum sai ya durƙusa gab da shi yake gane shi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Yaron nan ya zo in gan shi." Ka ajiye danne-dannen nan ka taho.

Taka,
Yaya

Wa'alaikumus salam Yaya,

Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Wallahi takardarki ta hana ni cin abinci. Bari in faɗa miki halin da nake ciki, kada ki ce taurin kai ne. Manhajar da ke tafiyar da injinan kamfaninmu nake haɗawa tun daga ɗanyen rubutunta. Kamar a ba ki zangarniyar gero, a ce ki surfa, ki niƙa, ki dafa, duk da hannu ɗaya. Waɗanda suka rubuta ta sun ce a nemi kwamfuta mai memori giga talatin da biyu, a gama cikin yini. Manaja ya ba ni tsohuwa mai giga takwas, ya ce ai haƙuri ma kayan aiki ne. Kwana da kwanaki take ɗauka.

Kuma ba a barin ta ita kaɗai. Da ta ci karo da kuskure sai ta tsaya cak, tana jiran in gyara. Ɗakin ba taga. Saboda zafi na cire mata murfin gefe, na juya mata fankar da ni ya kamata ta yi wa fifita. Manaja ya ce ranar da manhaja ta tashi a kan inji, ranar zan tafi. Ta wuce rabi. Ki ce wa Baba ina nan tafe.

Ƙanenki

Auta,

Gaisuwa. Na karanta wa Baba, ya yi dariya ya ce ashe ɗansa raino yake yi a birni. Ni ban yi dariya ba. Kai jama'a! Ƙarfe ne fa, ba mai naƙuda ba. Yau da safe ya tambaye ni wa ya kashe fitila, alhali rana ta cika ɗakin. Ina jin haushinka, kuma ina tausayinka. Ka hanzarta.

Yaya

Yaya,

Ina gaisuwa, amma da kunya. Na yi gaggawa, ta haifar mini da nawa. Ayyuka biyu-biyu kwamfutar ke iya ɗauka a lokaci guda. Da na karanta maganar fitila sai na ce ta ɗauki goma sha shida, ko na samu in fito da wuri. Ta yi gudu kamar gaske, har na fara haɗa jaka. Can sai memori ya cika, ta sandare, ta mutu tana cikin rubutu. Abin da ta tara ya gurɓace, ba wanda zan iya yarda da shi. Na koma farko.

Na roƙi manaja ya bar ni in je in dawo. Ya ce ƙofa a buɗe take, amma shigowa ce ba tabbas. Yaya, da wannan aikin ake sayen maganin idon. Na zauna ina kallon rubutu yana ta wucewa a allo, ina kuka kamar yaro. Ki riƙe mini Baba kaɗan.

Ƙanenki

Auta,

Gaisuwa. Ka bi ta a hankali, biyu-biyun, kada ka sake ɓata aikinka. Babu sauri yanzu.

Jiya maigidana ya shiga gaishe da Baba. Baba ya kama hannunsa, ya shafa fuskarsa, ya ce, "Auta, ka rame." Ya yi ta sa maka albarka.

Ba wanda ya gyara masa.

Yaya