Yaƙin Wasu Ya Watsa Gayyar Baba

Assalamu alaikum ƙanena Habu,

Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Hadiza da yara? Mu nan Gafasa ta Ajingi lafiya lau, sai dai ƙafar Baba da har yanzu ba ta barin shi ya sunkuya.

Wallahi raina a ɓace yake. Ranar Asabar na kira gayya a gonar geron Baba, mata suka tuƙa tuwo, Inna ta dama fura. An fara noma ke nan, rediyon Kawu Idi da ke rataye a tsamiya ya sako labarin yaƙin nan na ƙasashen waje. Kawu ya ce babbar ƙasar da ta shiga yaƙin, 'yanci ta je ƙwato wa talakawa. Malam Garba maƙwabcinmu ya yar da fartanya, ya rantse ɗaya ƙasar ce mai kare raunana. Kafin azahar har an zagi iyaye, kowa ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Na bi su ina cewa, wace ƙasa ce take tura jiragen yaƙi don tausayi? Man fetur suke so, da hanyar teku, da masu sayen makamansu. Cikin shugabanninsu wa ya taɓa jin sunan Ajingi? Ko waiwayowa ba su yi ba.

Ka gaida mutanen gida, Inna ma tana gaishe ka. Ka sa mu a addu'a, Allah ya shirya mu. Masu yaƙin sun san abin da za su samu. Mu kuwa tuwo ya lalace, ciyawa tana cin geron Baba.

Yayanka,
Sale