Na Tsaya Hoto A Gaban Gidan Mai Takaba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Allah ya sa na same ku lafiya. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma kafin ku fara zagi ku daure ku karanta har ƙarshe. Zagin na riga ku, kullum ina yi wa kaina. Shawara ce ba ni da ita.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kebbe, bakin fadama. Ina noma, da rani ina kai hatsi kasuwar Tambuwal da ta Dogon Daji. Na ɗan yi sakandare, shi ya sa duk takardar da ta shigo unguwarmu ni ake kawo wa, har na ɗauki kaina wani abu. Ina da maƙwabci, bari in kira shi Sahabi, katanga ɗaya ta raba mu. Ya girme ni, shi ya tsaya mini lokacin aurena. Ya rasu farkon daminar bara bayan 'yar gajeriyar jinya, ya bar matarsa Yaya Saratu da 'ya'ya mata uku. Ko sadakar arba'in ba a yi ba ruwa ya zo. Tun hantsi ake zuba shi har la'asar, gulbi ya tumbatsa ya shigo gari. Gidan Sahabi ginin ƙasa ne kuma a gangare yake, sai ya zauna gaba ɗaya. Nawa katanga ce kawai ta faɗi, ɗakin mahaifiyata ya tsage. Yaya Saratu ta kwashe yara ta koma gidan surukarta, cikin wani ɗan ɗakin ajiyar hatsi da aka rufe da tampol.

Bayan 'yan makonni gwamnatin jiha ta turo mutane su rubuta waɗanda gidajensu suka rushe, za a gina musu wasu a kan tudu. Ƙa'idarsu ɗaya: mai gida ya tsaya gaban kangonsa a ɗauke shi hoto. Suka duba nawa suka ce wannan bai kai ba, suka wuce. Da aka zo kan na Sahabi na ruga in kira Yaya Saratu, surukarta ta tare ƙofa. Ta ce, "Mai takaba ta tsaya gaban baƙin maza a ɗauke ta hoto? Ko gidan zinari za su ba ta, ba ta fita." Na yi magiya, tsohuwar nan ko gezau. Sai na ji muryar Yaya Saratu daga bayan labule tana cewa, "Malam, tafi ka tsaya muna. Ba mu da kowa sai kai."

Na koma na tsaya gaban kangon, aka ɗauke ni. Mai rubutun ya ce, "Mi sunan mai gida?" Na ce Sahabi, amma ya rasu. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ba mu rubuta mamaci. Wanda anka ɗauka hoto shi ka ba da suna da katinai, shi dangwala." Direbansu ya riga ya ta da mota, akwai ƙauyuka a gabansu. Na ba da sunana, na dangwala yatsa, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida ba tare da ya karanta ba, don ya yarda da ni. Wallahi tallahi a ranar niyyata ɗaya, in gida ya fito in miƙa mata makulli. Allah ne shaidata a kan wannan, kuma shi ne shaidata a kan abin da ya biyo baya.

Da rani aka liƙa sunaye a ƙofar mai unguwa, ga nawa a ciki. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Matata ta rangaɗa guɗa, mahaifiyata ta fashe da kuka tana cewa Allah ya dubi tsufanta, ba za ta mutu ƙarƙashin tsagaggen bango ba. Na buɗe baki in ce ba namu ba ne, sai na fasa. Na ce bari su huce, gobe na faɗa. Goben ta zama sati, satin ya zama wata. Kun san yadda zuciya take iya wa'azi in tana son abu? Ta ce ai kai ma ruwa ya taɓa ka. Ta ce ai ba kai ka yi dokar ba. Ta ce mace da yara ƙanana me za su yi da gida can bayan gari? Na saurare ta kamar wani babban malami. Da Yaya Saratu ta aiko matata ta tambaye ni, na ce a gaya mata nata bai fito ba, sai zagaye na biyu. Amsar da ta aiko ita ce, "Allah shi saka mai da alheri, ya yi iya ƙoƙarinai." Ranar da muka tare har da kwanon ɗanwake ta aiko mana, kuma na ci. Wane irin mutum ne ke cin wannan?

Yanzu muna cikin ɗaki biyu na bulo da rufin kwano. Mahaifiyata kullum sai ta shafa bangon ta yi wa gwamnati addu'a, ni kuwa ko jingina da shi ba na iya yi. In na bi ta gidan surukar Yaya Saratu na ga tampol ɗin nan da rana ta cinye, sai in ƙara wa mashin wuta kamar ana bi na. Ga damina ta ƙarato, an fara gyaran gonaki, kuma ƙaramar 'yar Yaya Saratu tana fama da tari.

Kada ku ce ban nemi mafita ba. Na ɗauko takardar gidan na karanta ta ya fi sau goma. An rubuta ba a sayarwa, ba a ba da haya, ba a kyautarwa. An rubuta duk wanda aka samu da bayanin ƙarya za a karɓe gidan a kai shi kotu, shi da wanda ya yi masa shaida. Ke nan in na je na faɗi gaskiya, wa ya tabbatar mini ita za a ba? Ana iya karɓewa a ba wani can daban, ni in tafi gidan yari, mai unguwa ya tozarta don ya yarda da ni, ita kuma tana nan ƙarƙashin tampol. In na fita na ba ta a ɓoye, me zan ce wa mahaifiyata, ina zan mai da ita? Tsohon gidanmu ƙanena ya shiga da iyalinsa. In na ce zan gina mata wani, da me? Geron da na noma bara ruwa ya kwashe rabinsa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, Yaya Saratu ta fita takaba tuni, kuma makon jiya da aka ce an buɗe zagaye na biyu ta hau mashin ta tafi ofishin da kanta. Aka duba aka ce mata kangon nan an riga an ba da gida a kansa, akwai suna akwai hoto, amma mai riƙe da fayil ɗin ba ya nan, aka ce ta dawo ranar Alhamis. Jiya da yamma ta zo har sabon gidan, ta gaida mahaifiyata, ta durƙusa daga gefe ta ce, "Malam, ashe wani ya ci gidan marayu. Ni ban iya karatu ba, kuma tsoron ofis nikai. Ka taimaka ka kai ni ran Alhamis, mu ga fuskar wanga mutum." Mahaifiyata ta ce, "Kai ta mana! Allah shi tona asirinai." Na ce amin. Da bakina na ce amin, na kuma ce mata to, Allah ya kai mu.

Yau Talata. Ban ci ba, ban je gona ba, na rasa wanda zan gaya wa. Ko in riga ta zuwa in faɗa mata, ko in gudu Tambuwal in ce ciniki ya riƙe ni, ko in ɗauke ta a bayan mashin ɗina in kai ta ta gani da idonta. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?