Ƙullin Magani a Kunun Raihana

Daura, Litinin

Raihana ta farka! Ta buɗe ido ta ce mini, "Kaka, ruwa."

Barakatu 'yata, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Yaya jego, yaya jariri? Direban Kongolam zai kawo miki takardar nan, tunda wayarki ta ƙone tare da jarkokin fetur a gobarar da ta ƙona Raihana. Karatun yamman da kuke yi mini dariya a kai, yau ga ranarsa.

An yi aikin farko. Likita ta ce sai an kankare mataccen naman hannu da na ƙirji kafin a ɗora sabuwar fata. Sun ɗaure damtsen da roba, sun danna audugar da aka jiƙa da maganin tsuke jijiya, amma jini ya ƙi tsayawa, suka bar aikin a rabi. 'Yar shekara huɗu, jini nawa gare ta? Mijinki Sabiru ya ba da leda ɗaya. Likita ta tambaye ni ko muna ba ta wani magani, na ce babu. Alhamis za a koma.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Mainasara

Kongolam, Talata

Baba, barka da ɗawainiya, Allah ya ƙara girma. Takardarka ta sa ni kuka. Inna ta hana ni fita sai na yi arba'in, ga 'yata can tana kiran ruwa.

Garin maganin zugi da na aika aka sayo a kasuwar Mai'adua, don Allah kada ka fasa zuba mata a kunu safe da yamma. Ihunta na ranar nan bai bar kunnena ba. Kada ma'aikata su gani, ƙwacewa suke yi.

Ina neman albarka.
Barakatu

Daura, Laraba

Barakatu, bayan gaisuwa. Ƙarya na yi wa likita. Ban fasa zubawa ba ko sau ɗaya, na ɓoye ne don kada a kore ni daga ɗakin.

Da takardarki ta zo, hankalina ya ƙi kwanciya. Na kwance ƙullin, na bi rubutun jikin ledar harafi-harafi: asfirin. Na kai wa Asma'u, ma'aikaciyar da ke wanke ciwon. Ta dafe kai ta ce, "Haba Baba! Mu muna ɗura jini, kai kana tsinka shi? Da gobe aka shiga da ita a haka, sai dai a miƙo maka gawa."

An ɗage aikin kwana bakwai, sai maganin ya bar jikinta. Likita ta ce ƙirjin zai iya jira, yatsun ne ba ta da tabbas, don sun fara baƙi.

Sabiru ya tambayi wanda ya sayo. Na ce ni ne. Tun lokacin bai dube ni ba. Ki bar shi a haka, kada ki gyara masa.

Allah ya ba mu lafiya.
Mahaifinki

Daura, Juma'a, bayan kwana tara

Jini ya tsaya! Alhamdu lillahi, jiya an gama, ko leda ɗaya ba a ƙara mata ba. Ina gaishe ki.

An cire yatsu uku na dama, kwanakin jira ne suka ci su. Babban yatsa da manuni sun tsira. Ɗazu ta kama gemuna da su ta ja, ta ce, "Tsohon miji, kununka ba daɗi." Na yi dariya har Asma'u ta tsawata mini.

Sabiru har yanzu ba ya amsa gaisuwata. Ba komai.

Lahadi arba'in ɗinki ke cika. Ki goyo jariri, ki taho da Inna da duk mutanen gida. Ku zo ku ga yadda amaryata take riƙe cokali.

Mainasara