Kaset ɗin Baba mai jan tambari

Yaya Hudu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da Inna da matarka Humaira da yara. An gama girbin riɗi a Gagarawa? Ni nan Glasgo lafiya lau. Ka ce wa Inna ina cin abinci, amma kada ka bari ta tambayi sau nawa.

Makon jiya ruwan sama ya koro ni cikin wani shagon tsofaffin fayafayai, sai na ji kiɗan da Baba, Allah ya jiƙansa, yake sawa a tirelarsa da zarar mun wuce Maigatari. Ka tuna jitar nan mai gurnani kamar mota ta kafe a yashi, can kuma ta yi laushi? Mai shagon ya ce kiɗan rok ne, irin na Turawa, na wasu samari huɗu, tun 1974. Bai samu kasuwa ba, suka watse. Wai shi kaɗai ya san darajarsa. Na ce masa akwai wani direba a Gumel. Rabona da doguwar hira irin wannan tun bazara.

A ina Baba ya samo shi? Me yake ji a ciki, mutumin da ba ya jin Turanci?

Humaira ta ce ran Juma'a Inna za ta kai kaset-kaset ɗinsa na wa'azi sadaka masallacin Ɗanzomo. Don Allah ka riga ta. Kaset ɗin kiɗan yana cikinsu, mai jan tambari ne, Baba ya rubuta masa "Tafsiri na 7" saboda tsoron Kaka Malam. Ka ajiye mini shi. Ka dai san ƙarfin lasifikar masallacin nan.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Juwairiyya