Ranar da Na Wuce Baba a Kan Keke

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka buɗi, ya sauƙaƙa maka zaman nesa da gida. Mu nan lafiya lau muke, in ban da cinyoyina da har yanzu ba su yafe mini ba. Umma tana nan da faɗanta, maigidana kuma rana ta ƙona shi har na san in mun koma yara za su ce an canza musu uba.

Yaya, mun iso! Daga gidan Gwaggo nake rubuto maka, ina jin ƙugin teku ta taga. Mun ratsa ƙasar nan daga wannan baki zuwa wancan a kan keke, kuma wallahi gani ya kori ji. Ka tuna tun da aka yi wa Baba aiki a gwiwa ya ɗau alwashin sai ya ziyarci 'yar'uwarsa a kan tsohon kekensa na rabon wasiƙu, kai kuma ka yi dariya a waya ka ce magagin allura ne. To, ba allura ba ce. Mun fito ni da maigidana, da Dogo ɗan Baffa, da Tela aminin Baba, sai Umma a motar da ke biye da mu da ruwa da famfo da kayan faci. Kafin ta yarda sai da ta gindaya sharaɗi: duk ranar da Baba ya gaza ya shiga motar nan, keken ya hau ƙusa a bangon zaure, ba zai sake saukowa ba. Ka san abin da keken nan yake a wurin Baba, raba su kamar a ce masa ya gama amfani ne.

Farkon tafiyar daɗi kamar me. Mu tashi da sanyin safiya, kwalta shimfiɗe a gabanmu, gonaki hagu da dama, masu manyan motoci suna danna mana oda suna ɗaga hannu. Tela ya ɗinka mana riguna iri ɗaya masu ruwan lemo, ya ce ko makaho zai hango mu. Dogo kuwa duk tashar mai da muka tsaya sai ya ci kamar an aiko shi, wai man injinsa yake zubawa. Mun haye wata doguwar gada da kogi ke sheƙi a ƙarƙashinta, na yi ihu kamar ƙaramar yarinya, ban ji kunyar kowa ba.

Sai dai ka san dokar gidanmu, ba a shiga gaban Baba. Ko masallaci, ko kasuwa, ko teburin cin abinci, shi ne a gaba. Haka muka jeru a kan hanya ba tare da an ce da kowa komai ba, Baba a gaba, mu a bayansa kamar 'yan tsaki. Tela kansa ya ce wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, ya koma baya. Muna ta yaba ƙarfin tsoho, shi kuma, ashe, jin tayoyinmu dab da shi yake sa ya ƙara taka feda, yana zaton ya tare mana hanya. Da muka shiga wani fili fetal da babu ko bishiya, sai Baba ya fara ramewa a idonmu. Ya daina tsokanar Dogo. A wurin mai shayi Umma ta dubi Baba, ta buɗe ƙofar mota ta bar ta a buɗe.

Da rana na matsa gefensa don in miƙa masa gorar ruwa. Ina fitowa daga bayansa, Yaya, sai iska ta doke ni a ƙirji kamar na yi karo da ƙyaure, har keken ya nemi tsayawa. A nan na gane. Na gaba shi ke fasa iska, na baya a laɓe yake. Tun da muka baro gida, mu masu jini a jika muna ɓoye a bayan tsoho mai ɗinkakkiyar gwiwa, muna kiran abin ladabi! Na gaya wa sauran, kowa ya yarda, amma aka rasa mai tunkararsa. Tela ya gwada cikin raha, Baba ya ce muddin yana numfashi ba wanda zai ja shi kamar akuya. Maigidana ya ce shi suruki ne, a rufa masa asiri. Dogo ya duƙufa duba tayar da lafiyarta ƙalau.

Washegari, da na ga keken Baba ya fara tangaɗi, motar Umma kuma ta matso kusa, sai na ce gara ya yi fushi da ni. Na taka feda da ƙarfi, na wuce shi, na shiga gabansa daidai saitin tayarsa. Ya dinga kaɗa mini ƙararrawa kamar zai ɓalle ta, ya kira ni da cikakken sunana, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ina makaranta. Ban waiwaya ba, hawaye na zuba, iska na share mini. Can sai ƙararrawar ta yi shiru. Na ji hakinsa yana lafawa. Ba mu yi wani nisa ba sai na ji fito a bayana, irin wanda yake yi in yana wanke keke. Daga nan muka dinga karɓa-karɓa, in na gaji Dogo ya shiga, in ya gaji maigidana ya karɓa, Baba a tsakiya yana ba da umarni kamar shi ya ƙirƙiro dabarar. Da muka sauka da yamma, shi ya duba mini birki da hannunsa.

Da muka shigo layin su Gwaggo, muka hango ta a ƙofar gida da sandarta, sai muka dare gida biyu don Baba ya wuce ya fara isa, kamar yadda ya dace. Ya sa ƙafa ƙasa ya tsaya. Ya ce in shige gaba. Wai duk tsawon rayuwarsa yana gaba yana shan iska, bai taɓa waiwayawa ya ga cewa 'ya'yansa sun isa su tare masa ba, kuma yana so 'yar'uwarsa ta ga wadda ta kawo shi. Haka na isa ƙofar Gwaggo ina kuka ina dariya, Baba a bayana a kan kekensa.

Ka gaishe mini da Anti, da 'yan biyu, da Autarku mai surutu. Gwaggo da Umma suna sa muku albarka, Tela da Dogo suna gaisuwa. Baba ya ce in gaya maka ka fara motsa ƙafafunka tun yanzu, don kai ne babba, kuma kai kaɗai ne ba ka tare masa iska ba tukuna.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
'Yar Baba