Muryar Malam a Murfin Dawa

Daren Laraba, watan Rajab

Rubuta, Zainabu, barci ya ƙi zuwa. Tun da babanki ya yar da laftob ɗin nan nake danne murfin dawata da shi saboda ɓeraye. Ke mai tara tsofaffin injuna kika ce da ni kakarki, "Habboba, ba ni, ƙila bai mutu ba." Na ce sai kin musanya min da dutse.

Kwana uku kina share mai ciki da gashin kaza. Yau da kahraba, wutar lantarki, ta dawo ya buɗe ido. Ikon Allah. Sai ga kakanki Malam cikin wani tsohon bidiyo, wanda ƙasa ta rufe har muryarshi ta fara ɓace min, zaune gindin darbejiya yana cewa, "Ke, ina shayin?"

Na ja tob, mayafina, na rufe kaina. Na ce, "Ga shi nan tafe, Malam."