Maganin Ƙunar Baba Malachy

Litinin, 8 ga Maris, 2004
Baba Malachy, tsohon da nake jinya a unguwar Irving Park nan Amurka, ya ga tafasasshen ruwa ya zubo mini a hannu. Ya kama hannun, ya hura sau uku yana motsa baki. Zafin ya ɗauke. Ban ji daɗin yadda ya ɗauke ba.

Alhamis, 11 ga Maris
Ko tabo babu. Ya ce a ƙauyensu na ƙasar Ayalan gidansu aka sani da maganin ƙuna. Kalmomi ne. Mace ke ba namiji, namiji ya ba mace. Shi gwaggonsa ta ba shi. 'Yarsa da ke garin Charlotte dariya ta yi masa da ya so ba ta.
"Zahara, ba a mutuwa da shi a baki," in ji shi.
Na ce, Baba sha magani.

Juma'a, 19 ga Maris
Na gaya wa maigidana Tahirou. Ya ajiye cokali. "Sunan wa yake kira? Kin sani? Ki yi aikinki ki fito." Gaskiyarsa.

Asabar, 27 ga Maris
Baba Malachy ya daina cin abinci. Idonsa na bina duk inda na juya. Wai wanda ya karɓi kalmomin ba ya korar mai nema, ko maƙiyinsa ne. Yau na lura da tafin hannunsa: fatar a tattare, kamar ta sha wuta.

Talata, 6 ga Afrilu
Ina gyara masa matashi ya riƙe mayafina, ya faɗa mini kalmomin a kunne. Ba Ingilishi ba ne. Na ce a'uzubillahi da ƙarfi don kar in ji.
Na ji.

Laraba, 14 ga Afrilu
An binne shi.

Lahadi, 2 ga Mayu
Maƙwabciyata Tchima ta shigo a guje da ɗanta, man suya ya watso masa a ƙafa. "Yaya, 'yarki Hanifa ta ce kin san wani abu!" Na ce ban san komai ba, a kira ambulan. Ƙafar kawai na riƙe kafin su iso. Yaron ya daina kuka.
Tchima ta rantse ba wanda zai ji.
Tafin hannuna na ta zogi, daga aikin wanki ne. Tahirou ya ce wasu mata biyu sun zo nemana ina banɗaki. Ban tambaye shi me suke so ba. Na dai ce gobe ina gida.